Zoben da Mama Ta Saita

Wata huɗu da rasuwar Mama, Baba ya kafe sai na kai shi garin Choteau ya sayi madubin hangen nesa. Raina ya ɓaci, don ga na Mama nan rataye a ƙusa, lafiyarsa ƙalau. Amma gardama da Baba, gara ka yi da turke.

Madubin nan da shi muka girma. Da rana Mama ta ƙirga shanu da shi a gindin duwatsu, bayan abincin dare mu hau bayan a-kori-kura ta nemo taurarin Kaza da 'Ya'yanta, duka a leƙe ɗaya. Mu yara sai dai kallo da ido, ba ta yarda ko ɗan yatsa mu ɗora masa. Har yau ina kewar muryarta tana ƙirga taurarin kamar maruƙa.

Dwayne mai kanti ya fito da wani ƙato mai jawo abu sau ashirin. Baba ya leƙa, ya dire shi.

"Kai Dwayne, sama na ce zan kalla, ba leƙen kafar makulli ba. Ba ni mai faɗi, irin wannan." Ya zaro na Mama daga cikin kwat.

Dwayne ya karɓa ya jujjuya. "Haba dattijo, wannan ai ya fi duk na kantin nan! Me ya same shi?"

"Dishi-dishi nake gani da shi."

"Shi ke nan? Zoben idon daman nan za a murɗa, ya daidaita da idonka." Ya kai yatsa.

"Murɗa, in murɗe maka wuya!"

Baba ya fizge madubin ya rungume.

"Matata Lorna ce ta saita shi daidai idonta," ya ce a hankali. "In ya goce, wa zai mayar?"

Kunya ta rufe ni, ni da na yi ta ƙunƙuni tun daga gida. Dwayne ya ɗauko mai jawowa sau bakwai, marar nauyi, mai faɗin gani. Baba ya gwada ta taga, ya ce ya yi.

A waje ya miƙo mini na Mama in riƙe masa ya hau mota. Ban san lokacin da na kai shi ido ba. Sai ga duwatsun gabanmu garau, da ƙanƙarar kansu, har da layin shinge can ƙasa.

"Baba, ni fa tar nake gani."

Ya tsaya, ƙafa ɗaya a mota. "Marlys, ba ki taɓa zoben ba?"

"Ko kusa."

Ya daɗe yana kallon idanuna.

"To rataya shi a wuyanki," ya ce. "Yau ke za ki nemo mana Kazar."