Farin Tabo a Gindin Jirgin Labbo

Labbo mai fito bai taɓa shigo da jirginsa cikin gida ba sai bana. Kowace shekara idan gulbi ya ja baya, a bakin ruwa yake kife shi, ya kankare gansakuka, ya toshe tsaga da ɗanko, masu wucewa suna yi masa sannu da aiki. Bana kuwa a kan amalanken shanu ya ɗoro shi, ya biyo ta bayan gari yana waige-waige kamar wanda ya sato akuya, ya kife shi a inuwar durumin tsakar gida.

Tabo ne ya jawo wannan ɓoyo. Abokinsa na ƙuruciya, Ɗanmusa, wanda ya yar da fartanya ya bi zinare, shi ya ari jirgin da sunan zai ƙetarar da dawa. Dawar ƙarya! Buhunan niƙaƙƙen dutse ya yi ta jigila zuwa inda masu zinare suke wanke shi, ya kuma bar jirgin zaune cikin laka tasu har ya gaji don kansa. Da ya dawo da shi, gindin tun daga goshi har wutsiya ya yi fari-fari mai toka-toka, sumul, ya kama katako kamar an shafe shi da siminti.

Labbo bai tambayi kowa mene ne ba. A shekarun nan babu mai kunne a ƙasar Anka da Bukkuyum da bai ji labarin gubar dalma ba, da yadda yara suka riƙa sanƙarewa a Bagega har sai da aka kwashe ƙasar gidaje. Mai gari ya hana shigo da dutsen cikin tunga. To ina ga a ce jirgin da ke ɗaukar matan gari da goyonsu ne ya kwana a cikin wannan laka? Wa zai sake sa ƙafa a ciki? Shi ya sa Labbo ya ƙudura zai kankare abinsa shiru, ya binne a daji, magana ta mutu.

Yana kuma gaggawa, domin Habsu tana gida. Ita ce 'yarsa ta fari, ta zo goyon ciki, watanta ya kusa. Idan haihuwa ta zo da gardama, a cikin jirgin nan zai ƙetarar da ita zuwa asibiti, kuma ya rantse ba zai ɗauki jikansa a kan guba ba.

Yadda Labbo ke son Habsu, ko jirgin bai samu rabin haka ba. Amma tun da aka haife ta bai taɓa kiran sunanta ba, bai taɓa zama ya yi hira da ita ba. Kunyar 'yar fari ke nan, kuma Labbo ya riƙe ta fiye da kowa a tungar, har abokansa na yi masa tsiya. Idan yana da magana sai ya juya ga matarsa Hawwa'u ya ce, “Ki ce ma waccan.” Da cikin ya fito kuwa, ko inda take ba ya iya kallo.

Ya fara da ruwa da soso da toka. Tabon ya yi kamar ba da shi ake ba. Ya gwada yashi, ya gwada tsamiya, hannunsa ya yi kanta a banza. Sai da rana ta gasa gindin jirgin ya bushe ƙayau, ya sa tsohon lauje, sannan abin ya fara ɓamɓarowa fale-fale kamar ƙanzon tukunya. Yana kankarewa yana tsincewa, yana zubawa a wani fasasshen kasko, ya rufe da faifai.

“Hawwa'u,” ya ce, “kada kowa shi taɓa kaskon ga.”

“Minene ciki?”

“Dauɗar jirgi ta.”

Ta yi dariya. “Wa za shi taɓa maka dauɗa, Malam? Kai dai in ka tahi kasuwar Bukkuyum ka samo muna hwarar ƙasa. Yarinyar ga ta ishe ni da kwaɗayinta, ga ɗan cikin yana ta shurinta kamar jaki.”

Labbo ya sunkuyar da kai kamar bai ji ba. Shi da girmansa ya tsaya gaban mata yana cinikin abin kwaɗayin mai ciki, mai cikin ma 'yarsa ta fari? Ranar kasuwa ta zo ta wuce, bai saya ba.

Aikin ya ja kwanaki, don wurin da tabon ya shiga tsagar katako sai da tsinken ƙarfe. Kullum da hantsi Habsu takan jawo tabarma ta zauna can gefen inuwar, tana tsinke zogale ko tana gyangyaɗi. Takan ce, “Sannu da aiki, Baba.” Shi kuma ya amsa wa jirgin, “Yauwa.” A ransa daɗi yake ji ƙwarai. Gani yake taya shi zama take yi, irin zaman da ba su taɓa yi ba.

Agwagin Hawwa'u ne suka fara. Wata da ta saba kiwo a ƙarƙashin jirgin ta kama zagaye wuri ɗaya, wuyanta a karkace, kafin la'asar ta miƙe ƙafafu. Kashegari biyu suka bi ta. Hawwa'u ta ce annobar kaji ce, ta yi ta tsine wa maƙwabta. Labbo ya dubi garin tabon da ya zuba a ƙarƙashin jirgin. Ya yayyafa ruwa, ya share gindin durumin har sai da ƙasa ta yi ja.

Akwai kuma kaskon. Da yamma zai bar shi ya kusa cika, da safe ya ga kamar ya sauka. Ya ɗora wa iska laifi, ya ɗora wa idonsa, ya ƙara dutse a kan faifan. Ta bayan zana yana jin Habsu tana kukan ciwon kai da murɗar ciki, uwar tana cewa cikin fari ya gaji haka. Maganar ta zo masa har baki, ya haɗiye. Idan ya faɗa wa Hawwa'u, kafin azahar matan rijiya sun ji.

Ranar da ya rage saura ɗan gefen wutsiya, ya ce yau za a rabu. Ya saɓa magirbi ya nufi daji don haƙa rami. Bai yi nisa ba ya ga gara ya tafi da kaskon gaba ɗaya, ya juyo.

Ya tarar da 'yarsa durƙushe a gindin jirgin. Dutsen yana gefe, faifan yana gefe. Ta zaɓi wani ɓamɓaro mai faɗi, ta busa shi a hankali, ta kai baki. Daga bakin zaure Labbo ya ji ƙarar ƙurus-ƙurus a haƙoranta. Haɓar zanenta a ƙulle take da wani guzurin.

“Habsu!”

Ta daskare. Ba kama ta da aka yi ya firgita ta ba, sunan ne. Ta ɗago tana kallonsa, leɓɓanta fari fat, shi ma karon farko ya dube ta ido cikin ido. Hawwa'u ta fito daga madafa da muciya a hannu.

“Tohe! Tohe shi!” Ya zube gabanta yana kakkaɓe mata hannu. “Tun yaushe kike cin abin ga?”

“Tun ran da ka hwara kankara, Baba.” Ta dubi kaskon. “Hwarar ƙasa ta. Ta ma hi ta kasuwa laushi. Na ga kana tarawa kana ruhewa, na ɗauka kunya ta hana ka ba ni da hannunka.”

“Dalma ta,” ya ce. Bai san da ƙarfi ya faɗa ba sai da muciya ta faɗi daga hannun Hawwa'u.

Habsu ta ɗora tafin hannu a kan cikinta, ta daɗe tana saurare.

“Inna,” ta ce a hankali, “tun jiya bai shure ni ba.”

Labbo ya fita ƙofar gida ba hula, yana ƙwala wa maƙwabta kira, a zo a kama masa jirgi a kai ruwa. Maza suka shigo da gudu. Suka tallabe shi a kife, suka bi ta tsakiyar gari, sauran farin tabon yana sama kowa na gani. Shi yana baya riƙe da hannun 'yarsa, yana ta kiran sunanta kada ta yi shiru ita ma.