Shafi Na Huɗu

Tun da 'yarta ta ce wani malamin jami'a yana rubuta tarihin Shugaban ƙasa na farko kuma yana son ganinta, abinci ya daina yi wa Kaka daɗi. Ita ce mai buga wa Shugaba takardu a zamanin neman 'yanci, kuma akwai abin da ta binne shekara sittin, ko marigayi mijinta bai sani ba. Yanzu za a tone shi a littafi, jikoki su karanta.

Ɗabi'arta ce ba ta zare takarda daga tafireta sai ta duba ta sau biyu. Ranar jawabin 'yancin kai Shugaba ya yi gyara a shafi na huɗu, ta sake buga shi. Direban Shugaba ya tsaya mata a ka yana kaɗa makulli, ta tattara takardu ta miƙa masa. Sai da ta ji Shugaba ya yi shiru a rediyo ta ɗaga ido, ga shafi na huɗu zaune a tafireta abinsa. Washegari Shugaba ya gaishe ta kamar kullum, kuma har ya rasu bai tayar da maganar ba.

Malamin ya zo, ya ajiye rikoda kusa da magungunanta. Kaka ba ta jira tambaya ba. Ta buɗe akwatin ƙarfenta, ta fito da shafin, ta faɗi laifinta tas.

Maimakon ya rubuta, sai ya zaro kwafin littafin da Shugaba ke rubuta al'amuransa na yau da kullum, ya karanta mata: "Shafin da na jera sunayen waɗanda suka ci amanarmu bai zo ba. Na dube su zaune a gabana da iyalansu, na gode wa Allah. Da na karanta, da mun fara gina ƙasa a kan gaba da juna. Yarinyar nan ta cire shi, ta fi ni hankali."

Kaka ta yi kuka ta yi dariya a haɗe. Shekara sittin tana jin kunyar mutumin da ke gode mata! Nauyi ya sauka daga ƙirjinta, ƙaunarsa ta dawo mata sabuwa.

"Ɗana, rubuta gaskiya," ta ce. "Ni mantuwa na yi. Sunayen nan ya san su kamar na 'ya'yansa. Da ya so, da ya faɗe su da ka. Hankalin nasa ne."

Malamin ya roƙi ta ba shi shafin ya sa a littafi. Ta ninke shi, ta mayar akwati, ta kulle.

"Mutanen nan suna da jikoki. Shi bai karanta ba, ni ce zan ba ka?"

Ta leƙa tsakar gida, ta ce wa 'yarta a kawo abinci, yunwa take ji.