Huluna Ashirin da Uku

Shekarata huɗu ke nan a ƙasar da ikkilisiyarmu ta aiko ni, ina riƙe da gidan marayu mai yara ashirin da uku, amma har yau in na shiga kasuwa ana nuna ni da baki. Ba na jin haushi, baƙuwa ce ni, harshensu ma jan sa nake kamar akuyar da za a kai kasuwa. Abin da ke hana ni sakewa shi ne maganar da ke yawo a unguwa, wai 'yan mishan satar yara suke yi suna fita da su waje. Shi ya sa duk fitar da za mu yi sai na sa wa kowane yaro hula ruwan ɗorawa, in ƙirga a ƙofar gida, in ƙirga a ƙofar mota. Da hannuna na ɗinka hulunan, kuma ba ƙaramin ji da wannan dabara nake yi ba.

Ranar Laraba muka kai su asibiti allurar rigakafi. Layi har bakin titi, rana tana dukan kowa, iyaye mata da goyo, koke-koke ta ko'ina. Sai bayan ƙarfe ɗaya muka gama. Na tsaya a ƙofar mota ina dafa kowace hula tana shiga, ashirin da uku cif. Direbanmu, wanda yara ke kira Hawainiya saboda keke ma yakan wuce shi a hanya, ya ja mu muka tafi suna rera waƙa.

A gida suka jeru kan benci, aka zuba musu abinci. Na ce a cire huluna a yi addu'a. Na riga na rufe ido, sai na ji ɗakin ya yi wani irin shiru, ba irin na addu'a ba. Na buɗe. A ƙarshen benci akwai wata yarinya da ba ta fi shekara huɗu ba, hula a cinyarta, ta zuba wa kwano ido. Ban taɓa ganin fuskarta ba.

"Wannan fa?"

Babbar cikinsu ta ce, "Mama, Tsinke ce ta ba ta hularta. Wai rana na damunta. Ai ke kika ce da safe mai abu ya ba wanda ba shi da shi."

Ni na faɗa, haka ne, a sujadar safe, har da ɗaga yatsa. Na bi fuskokin ɗaya bayan ɗaya, na sake bi. Babu Tsinke. Shekararta biyar, siririya ce har sunan ya bi ta, kuma ko sunan layinmu ba ta sani ba. Kakarta ce ta kawo mini ita bayan rasuwar uwarta, ta sa hannunta a nawa ta ce amana. Na yar da 'yata a bakin titi, na kuma ɗauko 'yar mutane.

Na bar sauran wurin mai dafa mana abinci, na suri baƙuwar yarinyar muka fita. Ranar na san ashe motarmu tana da gudu. Hawainiya sai hon yake dannawa. Ni kuwa na so in yi addu'a mai tsari irin wadda nake koya wa yara, ta ƙi zuwa. "Yesu, Yesu," shi ke nan abin da bakina ya iya. Tireloli nake gani a raina, waɗanda ke bi ta gaban asibitin ba sa taka birki, da buɗaɗɗen lambatun da ke gefen katanga. Yarinyar kuwa ta yi barcinta a kafaɗata, yawunta yana jiƙa mini riga.

Tun daga kwana muka hango taron. Mutane sun fi ɗari a ƙofar asibitin, wasu a kan katanga, wani riƙe da guntun katako. Hawainiya ya rage gudu.

"Malama, bari in zagaya ta baya. Mu sauke ta a bakin lungu, wani zai tsince ta. In suka gan ta a hannunki ba za su tsaya jin bayani ba."

Ba zan yi ƙarya ba, na ce masa to. Har ya fara juya kan mota. Sai na tuna in na ɓuya, wa zan tambaya ina Tsinke? Ba jarumta ba ce ta sa na ce ya tsaya, tsoro ne ya kori tsoro.

Na sauka da yarinyar a kafaɗa. Wani ya ce, "Ga ta nan," sai duk fuskoki suka juyo. Aka fizge mini ɗankwali, wani ya tofa mini yawu a wuya. Ɗan harshen nasu da na koya a shekara huɗu ya gudu ya bar ni, "kuskure ne" kawai nake maimaitawa. Mai katakon ya matso har ina jin warin zufarsa, ni dai na riga na sallama.

Wata mata ta keto taron, ba takalmi, idonta ya kumbura. Da hannu ɗaya ta fizge 'yarta daga jikina. Ɗaya hannun yana damƙe da tsintsiyar hannun Tsinke.

Tana dire 'yarta, mari ɗaya ta yi mini, sai da kunnena ya yi ƙara, kuma ban ga laifinta ba. Ma'aikaciyar jinyar da ta yi wa yarana allura ta shiga tsakani tana ɗaga murya, tana cewa ta san ni, ɓarauniya ba ta dawo da kaya da ƙafarta. A hankali aka fara ja da baya ana gunaguni, wasu kamar an hana su kallo.

"Aka ce mini wannan taku ce," in ji uwar yarinyar, tana haki. "Na ce ba zan sake ta ba sai tawa ta dawo."

"Na gode, 'yar'uwa. Ki yafe mini."

Ta dube ni sama da ƙasa, ta saki hannun. "Na ba ta ruwa. Ta ƙi sha."

A mota na ɗora Tsinke a cinyata. Shatin yatsu ya fito a hannunta, audugar allura tana nan manne a damtsenta. Ba ta yi kuka ba, ni ce na yi, har Hawainiya ya miƙo mini tsumman goge gilashi. Na rungume ta ina cewa, "Yi haƙuri, 'yata. Mutane sun yi yawa, ban gan ki ba."

"Kin gan ni, Mama."

"A ina?"

"A ƙofar mota. Na ja zanenki. Kika ce, matsa yarinya, je ki wurin uwarki."

Sai na tuna. An ja mini zane, na kuwa yi maganar, ina tsakanin hula ta sha bakwai da ta sha takwas. Har ture ɗan hannun na yi.

"Na tsaya ina jira," in ji ta. "Ban san inda zan je ba."