Kumburin Damtsen Baba

A gidanmu kumburi ba ya kwana. Ko sauro ne ya cije ka, Umma za ta taso da tsumma da ruwan zafi da wani man shafawa mai kashe ƙaiƙayi, kafin ka ce wayyo ta gama da shi.

To, da aka sa Baba a gwajin allurar riga-kafin ciwon daji, ni ce 'yar rakiya. Ni kuwa bakina ba ya gajiya da tambaya.

"Likita, riga-kafi kuma bayan cuta ta riga ta shiga?"

Ta yi dariya. "Wannan ta koyarwa ce. Daga ƙarin da aka cire masa aka haɗa ta, don sojojin jininsa su gane abokin gaba. In sun gane, wurin allurar yakan yi ja ya kumbura."

"In ba su gane ba fa?"

"Sai mu cire shi daga gwajin."

Ga shi kuwa duk zuwan da muke yi damtsen Baba sumul yake. Likita ta juya hannun, ta latsa. Can sai ta sunkuya ta shinshina.

"Baba, me ake shafa maka?"

Baba, tsohon kafinta guda, ya kasa haɗa ido da kowa. "Ai yana kumbura, har da zafi. Uwarsu ce ke gasa mini, ta shafa mini mai. A ciwon nan abin da ta iya yi mini ke nan. Ni zan ce ta bari?"

Ikon Allah! Likita ta dafe kai. Ta ce man nan ne ke kwantar da abin da suke nema. Za a sake allurar, a duba jini ma, amma kowa ya janye hannunsa.

Da muka koma gida na gaya wa Umma. Ta miƙo mini man. "Ɓoye shi inda ban sani ba."

Kashegarin allurar wurin ya yi jawur, ya taso kamar ƙwai. Baba yana cije leɓe. Umma tana bakin gado, ta danne hannuwanta a ƙarƙashin cinyoyinta. Wallahi tausayinta ya fi kama ni.

"'Yar nan, faɗan ke nan suke yi a ciki?"

"Haka likita ta ce, Umma."

Ta matso kusa da damtsen, idonta taf da ƙwalla.

"Ƙara kumbura," in ji ta a hankali. "Ba zan taɓa ka ba."