Ranar da Sada Ya Tafa wa Kasuwa

A rafin da ya bi ta bayan Likoro, tun kaka da kakanni layi ake yi wa ruwan rani. Sarkin Rafi ke rabawa: yau na sama su ja, gobe na ƙasa. Sada, mai tumatir a tsakiyar rafin, ya tsani layin nan. Mutum ya sayi sabon injin ban ruwa, a ce ya zauna yana kallonsa don yau ranar Ilisha ce, maƙwabcinsa na ƙasa!

Ana nan sai wani jami'i daga birni ya tara manoma a gindin mangwaro. Ya ce layi ne ke kashe ƙwazo. A bar kowa ya ja iya ƙarfinsa, kasuwa za ta daidaita komai da kanta.

Sada ne ya fara tafawa, har hularsa ta faɗi.

Ilisha ya ce, "Malam Sada, ita kasuwar nan, gonarta a sama take ko a ƙasa?"

"Kai dai sayi inji, maƙwabci, ka bar surutu."

Aka soke layi. Da farko Sada ya sha daɗi. Tumatirinsa ya yi kore shar, barkonon Ilisha kuwa ya langaɓe. Kwatsam Alhaji Bilya, dillalin rake daga Makarfi, ya kama hayar fadamar da ke can sama, ya dasa tumatir, ya girke manyan injuna, kowanne kamar ɗan maraƙi. Da safe Sada ya tayar da nasa, injin ya yi tari, ya tofo laka. Ga tumatirinsa ya fara fure, lokacin da ba ya jure ƙishi ko kaɗan.

Ya kai kuka wajen Sarkin Rafi. Tsohon ya ce, "Ai an sallame ni a gabanka. Har yanzu ina jin tafinka a kunnena."

Ya hau acaɓa sai ofis. Jami'in ya ba shi kujera, ya bayyana masa cikin fara'a cewa ruwa ya koma hannun wanda ya fi iya juya shi, kuma a ƙarshe kowa zai amfana.

"Ranka ya daɗe, ƙarshen nan yaushe ne? Furen fa zuba yake."

"Sai haƙuri, Malam."

Furen ya zube tas. Amfanin da jami'in ya faɗa ma bai yi ƙarya ba, ya iso: Alhaji Bilya na neman masu tsinkar tumatir. Sada ya ɗauki kwando ya tafi, ya tarar Ilisha ya riga shi.

"Barka da zuwa kasuwa, Malam Sada. Ajiye kwandon ka tafa mana tukuna."

"Matsa mini," in ji Sada. "Nan ma layi ake yi?"

"Sosai ma. Koma bayana."