Ƙyauren Ɗakin Arzika

Tsoho Arzika, masassaƙin Barmu, ya yarda zai koma Tawa wurin 'yarsa Habsatu, amma da sharaɗi: ba zai kwana a bayan ƙyauren ƙarfe ba. Kowa a Barmu ya san dalili. A zamanin aikin dole ya gudu daga gyaran hanya, aka kamo shi, ya yi wata uku a kaso. Shekara ashirin ke nan da 'yan kai, ƙasa ma ta samu 'yancinta, amma zancen ƙyaure bai bar bakinsa ba.

To, ɗakin da Isufu, mijin Habsatu, ya gina masa, ƙyaurensa ƙarfe ne, gangar mai ce aka fasa aka baje da guduma. Ba rowa ba ce. Garar unguwar ta riga ta ci ƙyaure biyu, ba ta ce ta ƙoshi ba, katako kuma ba zai iso ba sai hanya ta bushe bayan damina. Tsohon kuwa ba mai barinsa ya yi damina shi kaɗai, ido ya raunana, matarsa ta rasu tun bara.

Isufu lebura ne a garejin gwamnati, kuma mutum ne da in ya ga abu sau ɗaya ya zama gwaninsa, a faɗarsa. Ya taɓa ganin wani mai fenti ya mai da ƙofar ofis ta ƙarfe kamar katako. Don haka ya cire ƙyauren, ya jingina shi a inuwar zaure, ya goge tsatsa da yashi da tsumma, ya shafa fenti mai launin tunkuza. Washegari ya dama wani mai duhu da kananzir, ya yanka haƙora a bakin guntun robar taya, ya shafa, ya ja robar daga sama har ƙasa. Layuka suka fito samɓal kamar na littafin 'yan makaranta.

Habsatu ta ajiye taɓarya ta zo ta tsaya. Dariya ta ci ƙarfinta.

"Malam, wane icce na wanga? A wane daji shika tsira?"

"Madaci na," in ji Isufu, fuska a ɗaure.

"Madaci ba shi tahiya haka. Miƙo."

Ita da ta girma cikin ɓawon sassaƙa ba ta bukatar a gaya mata. Ta goge aikinsa tun bai bushe ba, ta sake shafawa, ta ja robar tana ɗan karkaɗa hannu, nan layi ya matse, can ya buɗe. Ta naɗa tsumma a babban yatsa ta murza wuri biyu, sai ga idon reshe. Isufu ya koma mai dama fenti da korar kaji, yana ba da shawarar da ba wanda ya tambaya. Kwana uku suka yi a kai, suna yi suna tsokanar juna, kuma Habsatu ta ji daɗin kwanakin nan fiye da yadda ta zata. Da suka mai da ƙyauren, maƙwabciyarsu Kulu ta rantse sai sun faɗa mata inda suka samo katako.

Ranar Lahadi motar kasuwa ta kawo tsohon da rana tsaka, da buhun gizagonsa da ya ƙi bari a baya. Isufu ya durƙusa ya gaishe shi, ya ja gefe. Habsatu ta kama hannun tsohon har bakin ɗakin.

Arzika ya kanne ido, ya daɗe yana duban ƙyauren.

"Madaci," ya ce. "Tsoho kuma."

Sai ya ɗora tafinsa a kai. Ƙyauren ya sha rana tun hantsi, abin da ba wanda ya tuna. Ya janye hannu da sauri.

"Ƙarhe na."

"Ƙarhe na, Baba," Habsatu ta ce a hankali. Kunya ta rufe ta, ta rasa inda za ta sa ido.

Tsohon bai juya ba. Ya bi idon reshen da ɗan yatsa, ya tambayi wa ya yi. Ta ce ita ce. Ya gyaɗa kai, sannan ya shiga laluben gefen ƙyauren, sama da ƙasa, sau biyu.

"Ina sakata?"

"Ciki take, Baba. Waje ba komi, ko ƙusa."

Ya cire takalmi, ya sunkuya ya shiga, ya jawo ƙyauren. Suka ji sakata ta shiga. Ta fita. Ta sake shiga, ta sake fita. Can ƙyauren ya buɗe kaɗan, tsohon ya leƙo.

"Ɗiyata, a kawo mani ruwa. In kin zo, ki ƙwanƙwasa."