Haddar Nuhu

A shekarar da umarni ya zo daga Legas cewa a ajiye abin da ake kira lissafin zamani a koma wa na da, aka turo Malam Habila, mutumin Zuru, ya karɓi aji biyar a wata sakandaren kwana da ke tsakanin Anka da Bukkuyum. An fara yankan gero ke nan, jarrabawar fita kuwa tana tafe kafin wata damina ta kankama.

Wanda Malam Habila ya gada, Malam Dabo, dattijo ne mai mutunci. Sa'ad da aka kawo masa lissafin zamani babu wanda ya zaunar da shi ya koya masa, shi kuma girma ya hana shi tambaya. Sai ya bi hanyar da magabata suka bi da kowane karatu mai wuya: ya rubuta a allo, yara su biya da ƙarfi har ya zauna musu, a goge a ɗora na gaba. Da aka sauya manhaja, littafi kawai ya sauya, hanya tana nan yadda take. A wannan hanya babu mai kamo ƙafar Nuhu, ɗan Alaramma Magaji na Bukkuyum, wanda ya haddace Alƙur'ani tun kafin ya shiga boko. Kullum shi ne na ɗaya, mutanen garinsu kuma sun riga sun yanke cewa Zariya za shi, ya karanto injiniya, ya dawo ya yi musu gada a kan gulbi. Ba a shiga wannan karatu sai da sakamako mai kyau a lissafi.

A makonsa na fari Malam Habila ya gwada yaron. Ko wane shafi ya ambata, Nuhu zai miƙe ya karanto tambaya da aikinta da amsarta, ba gargada. Malam ya fara murna, daga baya shakka ta kama shi. Ya rubuta tambayar nan ta tsani da aka jingina da bango, amma ya ƙara wa tsanin tsawo. Nuhu ya dubi allo, leɓunansa suka motsa, ya ba da amsar littafi. Ajin duka suka gyaɗa kai.

Malam Habila ya kai maganar ga shugaban makaranta, ya nemi a bar Nuhu ya maimaita aji. Shugaba ya ce makaranta ba ta da wani da za ta nuna bana sai shi, don haka ba zai maimaita ba sai in ubansa ne ya nema. Saboda haka ranar kasuwar Bukkuyum Malam ya hau babur ɗinsa ya tafi, ya sami Alaramma a zaure yana duba wani Alƙur'ani rubutun hannu. Bayan gaisuwa da shan ruwa ya faɗi abin da ke tafe da shi, da tausasawa iyakar iyawarsa.

Alaramma ya ɗaga kai ya ce, "Malam, kai baƙo na, shi ya sa ban ji zahi ba. Gidan ga, tun kakan kakana, ba a taɓa wanke ma yaro allo a ce ya koma babbaƙu ba. In akwai shahin da bai riƙe ba, hwaɗa mini in zaunad da shi."

"Allah ya gafarta malam, ya riƙe kowane shafi. Abin da yake ba ni tsoro ke nan."

"To, mi kake so? Ya manta?"

Dattawan da ke zaure suka yi dariya, ɗaya ya ce malaman yanzu har ƙarar yaro suke kawowa don ya cika ƙwaƙwalwa. Aka sallami Malam da goro da 'yan ƙwan zabi.

Abin da ya rage masa shi ne watannin da ke gaba. Bayan la'asar yakan fita da Nuhu su auna inuwar rimi, su auna bakin rijiya da igiya, ko Allah zai sa ya ga cewa lissafi yana wajen littafi. Nuhu mai ladabi ne, ba ya musu, sai dai washegari zai zo da tsawon inuwar jiya a ka, kamar rana ba ta motsawa. Da lokaci ya ƙure, Malam ya tsaya a kan abu ɗaya, yana nanata masa safe da yamma: kada ya sa alƙalami sai ya duba kowace lamba ta tambaya da kyau. Wannan kam ya shiga.

Ranar jarrabawar lissafi gari ya tashi da zafi, hadari ya haɗu a gabas ya ƙi zuba. Ba a barin malami ya shiga ɗakin da ake jarrabawar darasinsa, don haka Malam Habila ya tsaya gindin wata tsamiya inda yake hango taga. Ya ga Nuhu ya duƙa yana bin takarda da yatsa, layi bayan layi, sai zuciyarsa ta ɗan kwanta. Can sai ya ga yaron ya fara rangaji gaba da baya kamar mai tilawa, alƙalami yana gudu.

Nuhu ne ya fara fitowa. Ya zo ya durƙusa gaban malaminsa, fuska a sake, ya ce tambayoyin duk ya san su, kuma ya bi umarni ya duba kowace lamba.

"Allah ya saka da alheri, Malam, da ban duba ba da ban gani ba. Wanda ya kwafo musu takardar ya yi kurakurai, kusan kowace tambaya lambobinta sun saɓa wa littafi."

Malam Habila ya tambaye shi, a hankali, abin da ya yi da ya ga haka.

"Abin da Baba yake yi in an kawo mishi rubutu mai ɓata. Na soke nasu, na mayar da na daidai a gefe, sannan na amsa."

Iska ta fara kaɗa ganyen tsamiya. Sakamako kuwa sai bayan watanni. Nuhu yana nan durƙushe, ya ce Baba ya ce a tambaya ko sanyin Zariya yana bukatar bargo biyu, don a saya tun yanzu.